Takin da na zuba wa alayyahu

Ina cikin gyaran kazar da aka yanka, sai ga tsutsotsi a hanjinta kamar taliya. Ga shi sauran kajina ma ramewa suke, duk da maganin tsutsar da na ba su.

Na kira gwaggona a Tirwun, ita ma tana kiwo.

Ta ce, "In kin share akurki, ina kike kai kashin?"

Na ce, "Gindin alayyahu, Gwaggo. Can suke tono."

Ta ce, "Ai ƙwan tsutsar a kashin yake. Da hannunki kike mayar musu."

Wallahi har sanyi na ji a raina, don na zaci annoba ce. Na killace lambun, na sake ba su magani, ga su sun murmure.

Masu kiwo, ku ina kuke zubar da naku?