Barba Lovre da Jan Ƙyallensa

A makona na farko a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta garinmu na hangi wani jan ƙyalle ɗaure a tagar ɗakin matuƙin babbar ƙugiyar ɗaga kaya, can sama, mita saba'in daga ƙasa. Kunya ta hana ni tambaya. Sai da na yi wata biyu sannan Duje, shugaban masu ɗaure kaya, ya gaya mini cewa daga tsohon ɗankwalin matar matuƙin aka yago shi, kuma da shi mutumin yake karanta iska. Sunan mutumin Barba Lovre Bakotin. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki bayan shekara talatin da takwas. Jaridu sun buga hoton magajin gari da na Darakta Vidak a bikin fara ƙera sabon jirgi. Nasa bai fito ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kullum ƙarfe shida saura kwata yake shigowa a kan kekensa, da burodi da soyayyen kifi a ƙunshe cikin takarda. Kafin ya taka matakala sai ya juya baya ga teku, ya tsaya yana kallon dutsen da ke bayan gari kamar mai jiran gaisuwa. Daga nan ya hau matakala ɗari biyu da goma sha biyu, ba zai sauko ba sai an tashi. Akwai masu walda da suka shekara goma suna aiki a ƙarƙashin kayan da yake ɗagawa, muryarsa kawai suka sani a oba-oba.

Duje ya fi kowa saninsa, don shekara ashirin da shida yana ba shi alama da hannu daga ƙasa, suna zagin juna. Duje yana ce masa tsohuwar mujiya, shi kuma yana ce wa Duje tulu saboda tumbinsa. Amma Duje ne ya ba ni labarin ranar da igiyar ƙarfe ta kama safar hannunsa, da hannun a ciki. Ya ce bai ko buɗe baki ba ƙugiya ta tsaya cak. Daga baya ya tambayi Barba yadda ya gani daga wannan nisa, sai ya ce ba hannun ya gani ba, kafaɗar ce ta motsa yadda ba ta saba ba.

Sannan aka shiga shekaru huɗun da ba mu da jirgi ko ɗaya. Ciyawa ta tsiro a filin ƙira, samari suka tafi Jamus. Masu gadi sun shaida cewa duk Litinin Barba yakan zo da gwangwanin giris, ya hau, ya shafe igiyoyi, ya motsa ƙugiyar gaba da baya don kada ta sandare. Babu wanda ya sa shi. Da aka tambaye shi, cewa ya yi jirgi zai dawo, kuma bai kamata ya tarar da su suna barci ba.

Jirgi kuwa ya dawo. Wani kamfani ya ba mu aikin jirgin yawon shaƙatawa mai ɗakuna dubu biyu, ya ce idan ya ga kamun ludayinmu a farko zai ƙara na biyu. Mutum dubu da ɗari biyu suka koma bakin aiki, kuma kowa ya san jirgi na biyun ne zai riƙe su.

Ranar Juma'ar nan, ranar Barba ta ƙarshe a aiki, aka sa bikin ɗora ƙashin bayan jirgin, wato ƙarfen farko na gindinsa. Al'adarmu ita ce a ajiye tsabar azurfa a kan katakon da zai ɗauki ƙarfen farko, fadan coci ya yayyafa ruwan albarka, sannan ƙugiya ta sauke ƙarfen a kai. Ma'aikata sun yi imani cewa idan tsabar ta goce, jirgin ba zai ga alheri ba. Nauyin ƙarfen tan ɗari huɗu ne, kuma mutum takwas ne za su tsaya a gefensa da igiyoyi suna daidaita shi. Ni, sabuwar injiniya, aka ba takardar lissafin ɗagawar, da rahoton yanayi mai cewa iska ba za ta taso ba sai yamma.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka kafa rumfa, 'yan badujala suka jeru, wakiliyar kamfanin, wata dattijuwa mai farin gashi, ta zauna a gaba. Ko ganye ba ya motsi. Darakta ya ɗaga hannu, Duje ya ba da alama. Ƙugiya ba ta motsa ba.

Darakta ya ce in tambayi Barba. Na ɗauki oba-oba, na gaya masa abin da takarda ta ce.

"'Yata, takardarki ba ta yi ƙarya ba, da asuba aka rubuta ta," in ji shi. "Ɗaga kai ki dubi dutse. Ya sa hula."

Na duba. Wani farin gajimare ya kwanta shamal a kan dutsen. Ya ce ƙyallensa ma ya fara karkata wajen teku, kuma iskar dutse ba ta sallama kafin ta shigo.

Darakta ya karɓe oba-obar. Ya rage murya don kada baƙi su ji, ya tuna masa cewa matar nan ta zo ne ta ga ko mun yi tsatsa, kuma abincin gidaje dubu yana kan wannan minti goman. Ya ce idan tsufa ne ya kawo tsoro, akwai matuƙi na biyu.

"Ranka ya daɗe, matakala a buɗe take," in ji Barba. "Amma mutum takwas ɗin nan na san sunayen 'ya'yansu."

Duje ya cire safar hannunsa, ya zauna a kan akwatin kayan aiki, ya fito da burodinsa. Sauran bakwai suka bi shi. Ya ce wa Darakta, yana tauna, shi dai mujiyar nan ta sha ba shi haushi amma ba ta taɓa kashe shi ba.

Minti goma sha bakwai muka yi a tsaye, na duba agogo. Fuskar Darakta ta yi ja, magajin gari ya sake maimaita jawabinsa. Sai iskar ta faɗo. Ta tumɓuke rumfar gaba ɗaya, ta watsa takardun 'yan badujala, ta ɗauke hular fada ta jefa a teku. Igiyoyin ƙugiya suka riƙa kuka. Duk wanda ya taɓa aiki a filin nan ya san abin da tan ɗari huɗu zai yi da yana lilo a sama a wannan lokacin. Na ga dattijuwar ta riƙe gashinta da hannu ɗaya, idonta yana can sama.

Barba bai sauko ba. Ya ce iskar takan yi ɗan hutu bayan ƙarfe biyu, a jira. Baƙi suka ci abinci a ɗakin zane, babu wanda ya tafi. Ƙarfe biyu da rabi ƙyallen ya kwanta, muryarsa ta fito: "Tulu, tashi, ka ci ya isa."

Ban taɓa ganin abu mai nauyi ya sauka haka ba. Ƙarfen ya taso, ya ratsa filin, ya sauko a hankali har ba a ji ƙararsa ba. Duje ya durƙusa ya leƙa da tocila, ya ɗaga babban yatsa. Tsabar tana inda aka ajiye ta. Jiniyar masana'anta ta ɗauka, jiragen kamun kifi suka amsa daga gaɓa, masu walda suna buga guduma a kan ƙarfe, manyan maza suna share ido da hannun riga. A gaban kowa dattijuwar ta ce wa Darakta ta zo ganin ƙarfe ne, sai ta ga mutanen da za a iya ba amanar fasinja dubu huɗu. Ta ce ya fara nema wa jirgi na biyu wuri.

Barba Lovre, kai ne idon da ke sama, wanda muke tafiya a ƙarƙashinsa ba tare da ɗaga kai ba. Kai ne ka riƙe ƙugiyar nan da rai lokacin da kowa ya cire rai. Mun gode. Mu da muka fito jami'a da takardu, da ku da za ku hau matakalar nan bayansa, mu koyi duban dutse, mu koyi cewa a'a ranar da kowa yake jiran to.

Dattijuwar ta nemi a kawo mata matuƙin ta gaishe shi. Aka yi ta kira a oba-oba, shiru. Ni ina gefe kamar kullum, shi ya sa na gan shi. Ya riga ya sauko ta bayan ƙugiya, ya tura kekensa ta ƙaramar ƙofa. Na ɗaga kai. Ƙyallen yana nan a tagar, ya bar wa mai zuwa.