Adireshin Baba

Har yau in murfin ramin wasiƙa ya buga ƙas a ƙofar flat ɗina na Balsall Heath a Birmingham, sai raina ya ɓaci tun kafin in duƙa in ga abin da aka jefo. Wanda aka jefo makon jiya kuwa ya kai ni bango, shi ya sa na zauna zan ba ku labarin nan. In harshena ya yi kaifi ku yi mini uzuri.

A Withington na tashi, cikin Manchester, a wani jan gida mai ɗaki uku da Baba ya saya tun kafin a haife ni. Injiniya ne, mutumin Kano, kuma shi ne babba a cikin Hausawan unguwar. Duk ɗalibin da ya sauka daga gida zai yi karatu, ƙofarmu ake nuna masa. Ɗalibi kuwa ba shi da tsayayyen mazauni: bana yana wannan flat, baɗi landlord ya tashe shi ya koma wancan. Wasiƙar uni ta ɓace, ta GP, wato likita, ta ɓace, ta biza ta ɓace. Sai Baba ya ce kowa ya riƙa sa adireshinsa. "Ni ba inda za ni," in ji shi.

Mama ta jera kwalayen takalma a ƙarƙashin matakala, kowanne da sunan mai shi, ni kuma nake rarraba wasiƙun. Ran Juma'a in an sauko masallaci sai su cika falo, ƙanshin miyar kuka ya haɗu da warin rigunan sanyi da ruwa ya yi wa duka. Ba mai fita bai ci tuwo ba. Mu a wurinmu wannan ba abin magana ba ne. A Kano ma ai akwatin gidan waya ɗaya rabin unguwa ke amfani da shi.

Baba ɗan jam'iyya ne na gani-kashe-ni. Ba zan kama sunanta ba, kun san ta, ita ce mai cewa ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Mahaifinsa ya sha ɗauri a Kano saboda siyasar talakawa, don haka da Baba ya zo ƙasar nan bai yi wata-wata ba ya yanki kati. Shekara ashirin da ɗoriya yana bi gida-gida yana nema mata ƙuri'a. Kare ya yage masa wando, an rufe masa ƙofa a fuska, an ce ya koma ƙasarsu, gobe ya sake fita. Ɗaliban da suka ga haka, da dama su ma suka yanki kati, tunda doka ta ba su dama. Wane adireshi za su sa? Wanda suke sawa a komai mana.

Kansilan unguwarmu ya san da wannan sarai. Wani dogon Bature ne mai yawan dariya, Uncle muke ce masa. Ya ci tuwon Mama har ya iya cewa "ya yi daɗi". Duk lokacin zaɓe shi ke zuwa da mota ya kwashi ɗaliban nan su raba masa takardu cikin ruwa da iska. A kan idona ya tsaya gaban kwalayen yana dariya, yana cewa gidanmu ya fi ofishin reshen jam'iyya amfani.

Ina shekara goma sha biyu jam'iyya ta dare gida biyu a kan wanda zai shugabance ta. Manyan da ke majalisa suna son wani, masu kati na ƙasa suna son wani. Taron reshe da a da ake yi ana shan shayi ya koma fagen nuna yatsa. Baba ya tsaya da na ƙasa, ya kuma faɗa a fili, don bai iya ɓoye-ɓoye ba. Uncle yana ɗaya ɓangaren. Daga nan kowane ɓangare ya duƙufa tonon rajistar masu kati, yana neman sunan da zai soke kafin a kaɗa ƙuri'a.

Wata Asabar da hantsi Baba da Mama sun fita sayen nama, sai ga Uncle tare da wata mata mai riƙe da fayil. Ya tambaye ni makaranta, ya yaba kitsona, sannan ya karanto sunayen ɗaliban ya ce duk nan suke kwana? Na yi dariya. Cikin Turancina na 'yar Manchester na ce, "Haba Uncle, ai ka sani. They just get their post here." Wato wasiƙunsu kawai ke zuwa nan. Har kwalayen na janyo na nuna wa matar, ina alfahari da yadda na jera su. Ta rubuta a fayil ɗinta.

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo. An dakatar da Baba bisa zargin cusa 'yan bogi a rajista, an soke katin ɗalibai goma sha ɗaya. 'Yan bogi! Mutanen da suka jiƙe sharkaf suna yi wa Uncle yawon neman ƙuri'a, yau su ne 'yan bogi. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

A Birmingham aka kira shi ya kare kansa. Ɗaliban suka zo suka ce za su rantse nan suke kwana, Baba ya ce Allah ya kiyaye. Ni kuma na yi ta kuka na ce zan je in ce ƙarya na yi.

"Ƙaryar kika yi?" ya tambaye ni.

Na ce a'a.

"To zo mu je, amma bakinki ƙanin ƙafarki."

Ya sa farar babbar rigarsa, muka hau jirgin ƙasa. Mutum uku ne a bayan tebur, ni ina kujerar baya. Aka karanto maganata kalma bayan kalma. Baba ya fara bayanin yadda ɗalibi ke yawo da yadda wasiƙa ke ɓacewa, sai na tsakiyan ya katse shi, ya ce amsa ɗaya yake so, suna zaune a gidan ko ba sa zaune, yes or no. Baba ya ce no. Shi ke nan. Shayin da aka zuba masa bai huce ba aka kore shi daga jam'iyya, aka ce in ya ɗaukaka ƙara zai ji amsa ta wasiƙa.

Kada ku ce ina kare kuskure. Ƙa'ida ta ce ka yi rajista a inda kake kwana, Baba bai bi ba, na yarda. Amma ina ƙa'idar take duk shekarun da ake cin tuwonmu? Sai da suka so rage ƙuri'ar abokin hamayya suka tuna da ita, kuma suka rasa ta bakin da za su bi sai na yarinya. A jirgin dawowa Baba ya dafa kaina ya ce, "Ke gaskiya kika faɗa. Abin kunya na wanda ya tambayi yaro ne alhali ya san amsa." Na ji shi, amma wallahi har gobe abin yana cina.

Katin ba shi ne babbar asarar ba, sunansa ne. Magana ta zaga masallaci cewa an kama Alhaji da maguɗi. Ɗalibai suka tsorata kada abin ya shafi bizarsu, ɗaya bayan ɗaya suka canza adireshi. Ban ga laifinsu ba. Kwalaye suka zama wayam, tuwon Juma'a ya riƙa kwana a tukunya har Mama ta rage mudu. Baba ya ɗaukaka ƙara ya zauna jira. Duk sanda murfin nan ya buga ƙas sai ya miƙe da kansa, ko da cokali na hannunsa.

Wanda ya goya wa baya ya ci shugabancin, bai san ma da Baba ba. Aka tumɓuke shi, wani ya hau, shi ma nasa suka shiga yi masa zagon ƙasa. Uncle ya sauya ɓangare sau biyu, kullum kujerarsa na ƙara girma. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk ranar zaɓe Baba sai ya sa hularsa ya je ya dangwala musu. In na yi faɗa ya ce, "Ba don su nake yi ba."

Hunturun bara Baba ya rasu, amsar ba ta zo ba. A Manchester muka binne shi. Ni yanzu ina aiki a sashen magani na wani asibiti a Edgbaston, nan Birmingham, kuma a rediyo ina jin 'yan jam'iyyar sun sake kaurewa a kan shugaba, kamar ba su san wani aiki ba.

Ambulan da aka jefo makon jiya Mama ce ta turo mini, ta kasa buɗewa don ta ga tambarin jam'iyya da sunan Baba. Ni na farke. Ba amsar ƙara ba ce. Masu kati sun ragu, shi ne suke roƙon tsofaffin 'yan jam'iyya su dawo gida. Babu ban-haƙuri ko na layi ɗaya. A ƙasa akwai gurbi, wai ya tabbatar musu da adireshinsa na yanzu.

Na cike musu. Na rubuta sunan maƙabartar, da sashen Musulmi, da lambar kabarin. A ƙarƙashi na ƙara cewa su sani ba shi kaɗai ba ne a adireshin nan, akwai Hausawa da yawa tare da shi, amma wannan karon dukkansu nan suke kwana.