Zayyanu da Ƙatuwar Motarsa

Zayyanu mutumin Ƙaura Namoda ne, kuma tuƙin tirela ne ya kawo shi Riyad. Kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani Balarabe da ake kira Abu Nayif, yana da garejin manyan motoci a Birnin Masana'antu na Biyu. Wata rana aka sauke wata mota a garejin, ma'aikata suka bar aiki suka kewaye ta suna salati. Jikinta na a-kori-kura ne, amma kowace taya ta kai tsayin mutum. Don wasa aka sayo ta, ta haye tsofaffin motoci ta murƙushe su a gaban 'yan kallo.

Baturen da aka ɗauko ya tuƙa ta bai jure zafin garin ba, ya tattara ya koma. Zayyanu ya ce a gwada shi. Ya sha wuya kafin hannunsa ya faɗa, amma zuwa 2014 duk inda aka yi wasa a bayan gari, shi ne a kan sitiyari.

Sai Rekiya, matar amininsa, ta kira shi. Tana aiki a wata cibiyar yara masu nakasa a unguwar Malaz.

"Baban Amir, yaranmu sun ga motarka a waya sun hana mu sakat. Mun taɓa kawo su filin wasa, kekunansu suka nutse a rairayi, dole muka juya."

"To Hajiya, in su ba za su iya zuwa ba, ai mota tana da ƙafa," in ji shi.

Da farko Abu Nayif ya ƙi. Zayyanu ya ce ranar hutunsa zai yi, shi zai nemo izini, shi zai ja tirelar. Bai daina naci ba har mutumin ya ɗaga hannu ya ce, "Yalla, ɗauka. Amma kar ka firgita unguwa da ƙara."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya sauke motar a filin da ke bayan cibiyar. Yara suka yi ta shafa tayoyi suna ihu. Wata yarinya mai suna Aliya, da ke zaune a keken guragu, ta ja masa riga ta tambaye shi da Larabci, tana kiransa baffa, "Ammu, me ake gani daga can sama?"

Shi kansa da ƙyar yake hawa motar, balle ita. Abin ya tsaya masa a rai. Ya koma gareji ya roƙi masu walda suka ƙera kujera mai shinge da bel, suka ɗaura ta a bakin motar ɗaga kaya, suka kuma ƙara mazauni a gefen nasa a cikin ƙatuwar motar. Ya hau ya gwada da kansa har sai da ya gamsu.

Da ya dawo, Aliya aka fara ɗagawa. Ta ƙanƙame ƙarfe, idonta a rufe, har ya zaunar da ita. Da ta buɗe ido sai ta leƙa ƙasa. Can ta fashe da dariya.

"Ina ganin tsakiyar kan kowa! Har ina ganin bayan katanga!"

Rekiya, daga ƙasa, ta juya baya tana goge ido.

Daga nan wasu cibiyoyi da gidajen marayu suka fara kiransa, bai taɓa cewa a'a ba. Ya shawo kan Abu Nayif ya riƙa ba su abin da aka samu a wasa guda kowace shekara, aka kuma shimfiɗa katako a kan rairayin fili saboda kekuna.

A 2018 ciwon baya ya matsa masa, likita ya hana shi tsalle da mota. Ya koya wa wani direba ɗan Sudan, ya miƙa masa wasan ba tare da ƙorafi ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar masa zuwa wajen yara. Abu Nayif ya bar masa.