Salatif a Kan Haƙorin Kaset

Ƙanena ya shafe muryata ya ɗora tallar akwati a kanta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goye shi, kuma ya yi mini haka. Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa, ba na salla ban sa shi a addu'a ba. Amma maganar nan sai na rubuta ta yadda ta faru, tunda Allah ya nufa na koyi riƙe biro da furfura a kaina.

A shekarun nan ina zaune a unguwar Bani Harisa a Madina da 'ya'yana, bayan rasuwar maigidana. Gyaɗa nake soyawa ina sayarwa. In lokacin aikin hajji ya zo sai na koma unguwar Anbariyya, ina tuƙa wa alhazan ƙasarmu tuwo a masaukinsu. Shi kuwa ƙanen nawa gyaran rediyo yake yi a wani ɗan dukkan, wato shago, na kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a zaman ƙasar. A bayan dukkan ɗin akwai lungu da bai wuce tabarma biyu ba, kuma wannan lungun shi yake kira gidan rediyo, ko kunya ba ya ji.

Babu eriya, babu tasha. Rikoda ce guda biyu da ya haɗa da waya. Duk Juma'a bayan la'asar yakan tara maza biyar ko shida, direbobi, teloli, da duk baƙon da ya zo daga gida da sabon labari, su yi ta musu a kan siyasar Najeriya yana ɗauka. Sai ya buga a kaset-kaset ya sayar. Yakan gyara murya ya ce, "Jama'a masu saurare, barkanku da war haka," mu yi ta dariya, amma fa muna saurare. Doka ɗaya gare shi: ba a taɓa maganar ƙasar da muke zaune, ko da wasa, don kowa na son iƙamarsa, takardar izinin zamansa. Ta gida kuwa a faɗi komai. Shi ɗan neman sauyi ne tun yana saurayi. Haraji, mulkin hakimai, karatun 'ya'ya mata, babu abin da ba su tona ba, kuma ko mai ra'ayin manya ya zo yakan ba shi lokacinsa cif.

Kowa yana son shirin, shi ya sa ma yake mutuwa. Mutum ɗaya zai saya, kaset ɗin ya zaga gida talatin har zarensa ya tsinke a ɗaure. 'Yan ƙasarmu ma'aikata a garin Yanbu sukan aiko a saya musu guda, su kwafa wa sansaninsu gaba ɗaya, sannan su aiko da gaisuwar jinjina. Masu son maganar ba su da abin saye, masu abin saye kuma maganar zaginsu take yi. Da farko 'yan kasuwa uku ne ke ba shi kaset sababbi, shi kuma ya yi musu 'yar talla a tsakiyar shiri. Mai turare ya janye ranar da aka taɓa hakimin garinsu. Mai yadi ya bi shi ba sallama. Saura mutum ɗaya, wani attajiri mai sayar wa alhazai akwati da bargo da agogo. Shi kaɗai ke riƙe da numfashin gidan rediyon.

Sai ga shekarar da soja suka ce za su sauka, aka kuma ce matan arewa za su jefa ƙuri'a. Yayarmu da ta rage a ƙauye ta aiko mini da kaset ta hannun wata maniyyaciya, don da haka muke wasiƙa, mu da ba mu iya rubutu ba. Bayan gaisuwa da labarin waɗanda suka mutu, ta rage murya ta ce mijinta ya rantse ba za ta fita ba, wai layin zaɓe na marasa kunya ne. Ta ce, "Ke da kike kusa da Manzo, gaya mini, laifi ne?"

Makon nan na saurari shirin ƙanena. Maza shida suka cika fuskar kaset guda suna musu ko mace ta yi zaɓe ko kada ta yi. Na same shi a dukkan.

"Malam mai rediyo, na ji shari'ar da kuka yi mana. Ina wadda ake ƙara? Ko ta mutu ne?"

"Yaya, ai mu ukun nan bayanku muke."

"Bayanmu? To ku matso gefe mu yi gaba mana."

Ya yi dariya har ya ajiye sukudireba. Washegari ya kawo rikodar gidana, ya nuna mini jan maɓalli, ya fita waje ya zauna. Na tara mata huɗu a tsakar gida. Biyu suka yi sallama kawai kunya ta kama su. Ni kuwa da na buɗe baki ban san inda maganar take fitowa ba. Na ce ranar da aka zo karɓar haraji a ƙauyenmu maza duk sun tafi ci-rani, kuma babu wanda ya ce muryar mace al'aura ce, ƙofar uwarmu aka buga, akuyarta aka kwance. Na ce mu muka san tsadar gishiri, mu muke kwana da yaro mai zazzaɓi babu asibiti. Na kira yayarmu ba da suna ba, na ce, "Ke da kika tambaye ni, saka mayafinki ki fita, babu laifi ko na ƙwayar gero." Na cika bayan kaset ɗin kaf.

Da ya shigo ya saurara, sai da ya share ido. Ya ce wannan shi ne kaset mafi kyau da ya taɓa yi. Na ce to kada wani ya ɗora waƙar biki a kai, don na san halin mutanenmu. Ya juya kaset ɗin ya nuna mini wani ɗan haƙori a samansa. Ya ce in aka karya shi, jan maɓalli ba zai ƙara dannuwa ba, maganar ta zauna ke nan. Na zare tsinken kitsona na karya da hannuna. Na ji ƙas. Na yarda da wannan ƙas ɗin kamar yadda na yarda da sunana.

Bayan Arfa alhazai suka iso Madina ziyara. Ƙanena ya kawo mini kwalin kaset-kaset, duk an karya musu haƙori, an manna takarda mai rubutu a jiki. Bai tsaya ya sha ruwa ba, ban kuma kawo komai a raina ba. Kwana uku ina rabawa matan garinmu a masauki, kyauta, ina cewa, "Ku kai gida, bayan kaset ɗin ni ce." Na yayarmu na naɗe shi a sabon zane da dabino, na danƙa wa wata tsohuwar hajiya maƙwabciyarta.

Ana jibi... a'a, ana gobe motocinsu za su tashi zuwa Jidda, bayan azahar, tsohuwar nan ta ce, "'Yar nan, sa mana mu ji mana, kada mu kai abin da ba mu sani ba." Aka aro rikoda. Mata suka cika ɗaki, wasu a kan akwatunansu. Na ce a bar fuskar maza, a juya. Na gyara zama.

Muryar ƙanena ta fito, "Jama'a masu saurare." Na ce yanzu zai ce ga mata. Sai na ji, "Alhaji, Hajiya, kada ka koma gida da akwatin da zai kunyata ka a filin jirgi."

Na ce talla ce, yanzu za ta wuce. Aka gama akwati aka shiga bargo. Aka gama bargo aka shiga agogo mai nuna alƙibla. Sannan wata murya mai kauri ta yi gyaran murya, na gane ta nan take, attajirin ne da kansa. Ya ce mace ta gari in mijinta ya yarda ta fita, ta dangwala inda ya nuna mata, in bai yarda ba ta zauna, ladanta na nan.

Ban iya motsi ba. Kaset yana ta juyawa, mutumin nan yana ta magana a wurin da na yi maganar akuyar uwarmu. Can dab da ƙarshe ya yi shiru, aka ji shuuu, sai ga muryata ta faɗo daga sama: "...shi ke nan abin da zan faɗa." Maɓalli ya tashi da kansa.

Wata ta kwashe da dariya ta toshe baki. Tsohuwa ta ce, "Ikon Allah. To me kika faɗa?"

Akwai wata malamar asibiti a cikinsu. Ta ɗauki kaset ɗin ta duba takardar jiki, ta dube ni da tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta ce, "Yaya, ai ga shi a rubuce. Sunan shagonsa ne, da nasiha ga mata." Kwana uku ina yawo da shi a hannu. Abin yana rubuce ƙiri-ƙiri a gaban idona, ni na raba masa tallarsa ɗaki ɗaki, har ina sa albarka.

Ban san yadda na isa dukkan ba. Na tarar da shi yana gyaran wata rediyo. Na ce, "Ba ni nawa. Na asalin, wanda na karya."

Bai yi musu ba. Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini, kansa a ƙasa. Na shafa wurin haƙorin. Ramin ya toshe. An manna ɗan salatif a kai, bai kai farcen yatsa ba.

"Mene ne wannan?"

"In an rufe ramin, maɓallin yana dannuwa."

"Ka ce mini ta zauna."

"Ta zauna, Yaya, in ba a sa wannan ba."

Wallahi wannan ya fi tallar girgiza ni. Ashe duk abin da na dogara da shi ɗan salatif ne ke tsakaninsa da shafewa, kuma ya sani tun ranar da yake kallona ina karyawa da tsinke.

Ya ce attajirin ya nemi ya ji kafin a buga, ya ji, ya ce halas, magana ta ƙare, ko a cire matan ko ya kwashe kwalayen kasetinsa. Attajirin ya ce kuma a gabansa za a shafe na asalin, don ya san ƙanena zai buga a ɓoye. Ƙanena ya ce, "Lokacin alhazai ne kaɗai muke numfashi. In ya janye, na rufe. Fuskar farko tana nan, Yaya, mun kare ku a ciki, ban bari ya taɓa ko kalma ba. Rabin shiri ya fi babu. Baɗi in farar hula sun hau, 'yan Yanbu sun ce za su haɗa kai su riƙa saye duk wata, in sayi injin da ke buga da yawa, ba mai ƙara gaya mini abin da zan sa. Sai in ba ku kaset guda cur."

"Baɗi an gama zaɓe."

Ya juya ga rediyon da yake gyara. Na ci gaba.

"Da ka zo ka ce mini, Yaya, an fi ƙarfina, da na zage ka na haƙura. Amma ka bar ni na ɗauka da hannuna na kai wa yayarmu muryar mutumin nan yana ce mata ta zauna? Ita da ta tambaye ni?"

"Na kasa kallon idonki ne."

"To kalle shi yanzu."

Bai kalla ba. Ban ce ƙarya yake yi game da kasuwar ba. Gaskiya ce tsantsa, na san yadda yake fama, na ga mai turare da mai yadi sun tafi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, da aka ce a yanke rabi, bai yi tunanin fuskar maza ba ko sau ɗaya, shi da ke kiran kansa mai 'yanta mata.

Idona ya faɗa kan naɗin salatif ɗin, yana nan kusa da almakashi. Na tsaya ina kallonsa. Na ce, "Waɗanda ka ba ni na raba, su ma haka suke? In an rufe ramin?"

Ya ɗago kai a hankali. "Duk kaset haka yake."

Na ɗauki salatif ɗin da almakashin na sa a jaka. Ya buɗe baki, na ce, "In attajirinka ya tambaya, ka ce yayarka ba ta da hankali, ai an sani." Bai hana ni ba, kuma wannan ma na rubuta masa.

Ba ni da waya mai haɗa rikoda biyu, ban kuma iya ba. Ke nan kowane kaset sai na yi maganar da bakina daga farko, kuma motoci za su tashi kafin azahar. Na san ba zan gama duka ba.

Da aka idar da asuba ban ɗora tukunya ba. Na aro rikodar maƙwabciyata da sababbin batura, na shiga motar Anbariyya. Na tarar da mata suna ɗaure kaya. Na tsaya a bakin ƙofa na ce duk wadda na ba kaset ta fito da shi. Malamar asibiti ta karɓi almakashi tana yanka salatif. Na ce wa tsohuwa ta kwance zanen nan, na yayarmu za a fara. Na manna da yatsana, na murje takardar attajirin da farce, na juya kaset ɗin bayansa.

Tsohuwa ta daka wa ɗakin tsawa, "Ku yi mana shiru, za a faɗa!"

Na danna jan maɓalli. Ya dannu.