Talabijin Da Ƙwaryar Falke

A gidanmu na unguwar Nyohini a Tamale, wutar murhun Kaka Laraba ba ta mutuwa da wuri. Koko take sayarwa da safe, don haka bayan sallar isha'i takan zauna tana tace gasara, mu jikoki mu kewaye ta, har da 'ya'yan Dagombawan da ke haya a gidan. Hayaƙi yana tashi a hankali ya ratsa ganyen darbejiya, ni kuwa na ɗora kai a cinyar yayata ina ganin kamar taurarin ma sun sauko ƙasa-ƙasa don su ji. Kaka ba ta fara labari sai ta ja mana rai. Sai ta goge hannu a zani ta ce, "Ga wata can ta taho daga nesa, ƙafarta duk laka." Mu amsa da ƙarfi, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma!"

Wadda na fi so ita ce ta wani falke mai fataucin goro. Yana dawowa daga Salaga ya tarar da tsohuwa a bakin kogi da dami a ka, ya karɓa ya ƙetare da ita. Ashe aljana ce. Ta nuna masa ƙwarya biyu cike da ruwa, duk wanda ya leƙa zai ga duniya: kasuwar Kano, teku da jiragensa, raƙuma a sahara. Ɗaya 'yar ƙarama ce, ana iya sa ta a hammata. Ɗayar kuwa sai da ƙarti suka ɗauka. Falke ya zaɓi babbar. Da aka kai gida ta ƙi shiga ƙofa, sai ya sa aka gina ɗaki a kanta.

"To, ɗakin magidanci kuwa, wa yake shiga?" in ji Kaka, tana zaro mana ido. "Surukansa ba su shiga. Matan maƙwabta ba su shiga. Baƙo ma iyakarsa zaure. Ya leƙa ya ga kifi ya haɗiye kwalekwale, ya waiwaya zai faɗa wa wani, sai bango."

Haka ya tsufa shi da ƙwaryarsa, har ruwan ya ƙafe. Muka tambayi Kaka me ya sa bai rushe ɗakin ba. Ta ce mu je mu tambaye shi, ita gasararta tana jira. Mu dai a lokacin mun ɗauka cewa ake kar yaro ya zaɓi babbar tsoka a kwano.

Yanzu ni malamin makaranta ne, na gina ɗan gidana a unguwar Choggu. Surukata, Mma Adisa, uwar matata Rahina, ta dawo gidan ɗanta da ke bayanmu tun da mijinta ya rasu. Irin matan da ne, masu kunyar suruki. Ba ta taɓa taka falona ba, ba ta cin abinci a gabana, ba ta kiran sunana, in ta ganni ta ja mayafi ta dubi wani wuri. Amma kullum da yamma, in na fito da tsohon akwatin talabijin ɗinmu tsakar gida saboda zafi, sai ta shigo ta ƙofar baya da tabarmarta, ta zauna can gefen randa tana kallo. Rahina ta ce tun rasuwar tsohon, a nan kaɗai ake jin dariyarta.

Da akwatin ya mutu, muka hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ni da Rahina zuwa wani shago kusa da babbar kasuwa. Gaskiya na daɗe ina mafarkin falo mai katon talabijin. Mai shagon, wani ɗan Kumasi mai suna Razak, ya ja mu ƙuryar shagon ya kashe fitila. Ya kunna wani talabijin marar kauri kamar allo, ya kusa cinye bango. Teku ya bayyana, shuɗi, ruwan yana tahowa har na janye ƙafa. Sauti yana zuwa ta gaba, ta baya, ta ƙarƙashin kujera. Na manta ina Tamale.

"Masta, wannan inci sittin da biyar ne," in ji Razak. "Sifika biyar da wufa mai ba da amo, mu za mu bi da wayoyi cikin bango, ba za ka ga komai ba. Ka haɗa da sitabilaiza saboda dumso, yawan ɗauke wutar nan, kar wuta ya dawo da ƙarfi ya ƙona maka kaya. Falonka taku nawa ne daga kujera zuwa bango?"

Na gaya masa. Ya ce daidai ne, kamar don ni aka ƙera shi. Na dubi Rahina in ga murnarta, sai na ga tana murza bakin mayafinta. Na san ba za ta kawo maganar Mma Adisa ba, don ita ma tana jin nauyin roƙa wa uwarta abu a wurina.

Na ce, "Mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa ya fitar waje?"

Razak ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Waje kuma? Masta, wannan in mun ɗaure shi a bango, shi da bangon sun zama ɗaya."

A cikin duhun shagon nan na ji ƙanshin gasara, wallahi kamar Kaka tana bayana. Shekara da shekaru ina zaton haɗama ce laifin falke. Sai ranar na gane bai yi tunanin su wa za su iya zuwa inda zai ajiye ƙwaryar ba, kuma akwai mutanen da ko sun mutu da son abu, kunya ba za ta bar su su tsallake dokin ƙofa ba. Raina ya so tekun nan, ban ɓoye ba. Amma na ce a kunna fitila.

Muka ɗauki mai inci talatin da biyu, mai ƙafafu, mara nauyi, da sifika ɗaya doguwa da doguwar waya. Razak ya ɗaure kwalin yana girgiza kai, yana cewa malaman makaranta sai a hankali.

Da yamma na ɗora shi a kan benci a tsakar gida. Mma Adisa ta shigo da tabarmarta, ta zauna gefen randa. Ta daɗe tana kallon sabon abin, hasken yana wasa a fuskarta. Can sai ta juya wajen Rahina, ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Ki ce wa mai gidan nan ya ɗan juyo shi nan. Ai na san don wa aka saya."