Kwanon da ba mu mayar ba

Shekarun baya, ina sabon shiga aiki a wani biro, wato ofishin gwamnati, a nan Damagaram, aka sayar da gidan da muke haya a cikin Birni. Wani ɗan kasuwa daga Kano ne ya saya zai mai da shi wurin ajiyar kaya. Bai wulaƙanta mu ba, wata biyu ya ba mu, ya ce dai yana son makullinsa kafin Babbar Salla. A gidan aka haife ni, a nan mahaifina ya rasu, daga ni sai mahaifiyata muka rage a ciki.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata tsohuwa da nake kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Katangar ta zaizaye a wuri guda har ta dawo daidai ƙirji, ba kuwa wanda ya taɓa zancen gyara ta, don ta nan kwano yake wucewa. Wani tsohon kwanon samira ne mai murfi, fentinsa duk ya ɓaɓɓare. In Inna ta yi dambu sai ta zuba ta miƙa, in Gwaggo ta yi ɗanwake sai ya dawo. Ƙa'idarsu ɗaya ce, ba ya ƙetare katanga babu komai a ciki, ko da ƙuli-ƙuli uku ne. Sun fi shekara talatin a haka. Na taɓa tambayar na wane ne, Inna ta ce na Gwaggo ne, Gwaggo ta ce na Inna ne, sai na bar su.

Da na samu wani gida can bakin gari, wajen hanyar Mirriya, Inna ba ta tambaye ni ɗaki nawa ne ba, ba ta tambayi ko akwai ruwa ba. Abu ɗaya ta roƙa.

"Ranar da za mu tashi ka bar ni in yi girki, in cika kwanon nan in kai mata da ƙafata, ta ƙofa, ba ta katanga ba. Mu yi sallama, mu yafi juna. Shi ke nan abin da nake so."

Na ce, "Haba Inna, wannan ai ba abin roƙo ba ne."

To, sai aiki. Aikina a lokacin shi ne karɓar takardu, in shigar da su rajista, in buga musu lamba, in ajiye a teburin shef, wato shugaban biron. Saboda haka da na rubuta takardar neman izinin kwana biyu, ni na karɓe ta daga hannuna, na buga mata lamba, na ajiye ta a teburin mutumin da na fi kowa sanin ba ya gari. Shef ya tafi misiyon, wato tafiyar aiki, makullin durowar hatimi yana aljihunsa. Mataimakinsa ya karanta takardar har sau biyu, ya yaba rubutuna, sannan ya ce shi ba shi da ikon sa hannu. Na ce to in tafi in dawo, ya ce in na tafi shi bai gan ni ba, amma in aka tambaya zai ce bai gan ni ba. Ni kuma sabon ma'aikaci ne, ko inuwar shef na gani sai na miƙe tsaye.

Kwana tara takardar tana kwance. Kullum in na tashi aiki sai in bi tasha neman mota, kowane direba ya ce raguna yake ɗauka, kayan ɗaki sai bayan Salla. Sabon gidan kuwa famfonsa iska kawai yake hurawa. Shef bai dawo ba sai ana jibi Salla, ya sa hannu yana tsaye, ya rage kwana biyun ya mai da su ɗaya. Ranar jajibere ke nan ya ba ni.

A yammacin ranar da ya sa hannu ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Wai ni mai tsari, ɗan biro. Inna tana sallar magariba na tattara kayan girki kaf, tukwane da ludaya da kwanuka, na zuba a buhuna na ɗaure, har da rubuta lamba a jikin kowanne. Kwanon yana ɓangarenmu a ranar, ya bi sauran. Da ta idar ta duba madafa ta ga wayam, sai na ce kada ta damu, mai mota sai bayan la'asar zai zo gobe, da safe zan kwance mata abin da take buƙata.

Da hantsi mai mota ya iso. Ya ce ya samu lodin raguna da rana, in muna so yanzu, in ba ma so ya wuce. Na san in ya wuce ba wata motar sai bayan Salla, ga mai gida yana jiran makulli. Muka hau jidar kaya ba tsari ba lamba, buhun tukwane ya shige can ƙarƙashin katifa da gado. Inna ta riƙe mini hannun riga.

"Kwanon fa?"

"Yana cikin mota, Inna. Ba zai fitu ba yanzu."

"To bari in je hakanan, ko da hannu biyu ne."

Ta dafa bango ta fita, don gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Ta tarar da ƙofar Gwaggo da kwaɗo, ashe ta tafi likita karɓar maganin ido, ta san sai la'asar za mu tashi. Inna ta dawo ta tsaya a wurin nan da katanga ta zaizaye, ta kira ta sau biyu, ko da yake ta ga kwaɗon da idonta. Ta ce mu jira ta dawo. Direba yana ta danna oda, rana ta taso, gumi ya jiƙa ni, sai na ɗaga mata murya. Na ce, "Inna, Damagaram ɗin duka nawa take? Jibi in kawo ki!" Ta dube ni, ta gyara mayafinta ta shiga gaban mota.

Ranar Salla muka yi ta tamkar baƙi a tasha. A Birni maƙwabta kan haɗa itace a hura wuta ɗaya a bakin titi, a jera raguna a kan sanduna kewaye da ita, a wuni ana juyawa ana ba'a. A nan kuwa ni kaɗai ne da ragona da hayaƙi. Washegari, ranar rabon nama, Inna ta tono kwanon ta wanke, ta soya nama ta cika shi, ta ɗaura ɗankwalinta na Salla. Sai waya ta shigo, wai ni ne mai tsaron biro a ranar, tunda ni ne ƙarami. Na ce gobe. Goben ta zo da baƙi masu bincike daga Yamai, suka yi mako suna juya rajistata. Kullum in na fita da safe kwanon yana bakin ƙofa a rufe, in na dawo da yamma yana nan. Babur ba ta iya hawa, ni kuma ban taɓa tunanin in roƙi abokina mai mota ba sai da aka kwana goma.

Muka je muka tarar da kwaɗo. Matar gidan da ke kallon namu ta fito ta gaishe da Inna, ta ce ai ɗan Gwaggo ya zo ya tafi da ita Gidimuni kwana huɗu bayan Salla, idon ya ƙi, ba mai kula da ita. Da matar ta tsaya nan da maganarta, da abin ya yi sauƙi. Sai ta ƙara da cewa, "Ta ware miki cinya guda ta rataye, ba wanda ya san inda kuka koma. Har ta shiga mota tana tambaya, wai me ta yi miki da kika tafi ba sallama."

Inna tana tsaye da kwano a hannu biyu. Ban taɓa ganin ta ƙanƙance kamar ranar ba.

Na nemo lambar ɗan, na haɗa su a waya. Gwaggo kunnenta ya yi nauyi, abin da muke ji kawai shi ne, "Wa ke magana? Wa?" Inna ta miƙo mini wayar ta ce ba a neman gafara da ihu. Na yi alkawarin kai ta Gidimuni in na samu hutu, na sake rubuta takarda, na sake buga mata lamba. Kafin a sa hannu aka aiko mana Gwaggo ta rasu.

Inna ba ta taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba, ko sau ɗaya, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta wanke kwanon ta goge, ta ba ni ta ce, "Ɗora shi sama. Ba namu ba ne." Shekara biyu ta yi a sabon gidan, katangarsa doguwa ce ta siminti, ba ta san sunan kowa a bayanta ba har ta koma ga Allah.

Mutane sukan ce mini ƙaddara ce, kuma na yarda. Sai dai na san ba shef ne ya ɗaure buhun nan ba, ba direba ne ya ɗaga mata murya ba. Abu ɗaya tal ta roƙe ni, ni kuma na sa shi a layi kamar sauran takardu, ina ganin zai jira. Yanzu ni ke sa hannu a biron, kuma duk wanda ya kawo takardar izini ba ta kwana a teburina, amma wannan bai mayar da komai ba.

Kwanon yana nan a saman kabad ɗina. Bara ana jibi Salla matata ta sauko da shi za ta zuba yaji, ta ce ai ya daɗe ba a amfani da shi. Na karɓa na mayar inda yake. Ta tambaye ni na wane ne, na ce na maƙwabta ne, ba mu mayar ba tukuna.