Wasiƙar da Kerubo Ba Ta Rubuta Ba

Shekara goma sha tara Kerubo tana auren Mogaka, ba ta taɓa furta sunan surukinta, tsoho Ombati, ba. A Kisii, yankinsu a Kenya, matar ɗa ba ta miƙa wa uban miji hannu, ba ta fara masa magana. In da saƙo, ta bakin uwar miji zai bi. Ta riƙe wannan gam, har ana buga misali da ita a ƙauye, wai Nairobi ba ta ɓata ta ba. Ko a waya "Baba" ta ajiye shi.

Ita ke kula da sito a wani kamfanin kayan gyaran mota. Da aka fara raɗe-raɗin rage ma'aikata, abokiyar aikinta Njoki ta matsa mata ta shiga dandalin nan na intanet inda ma'aikata ke baje kolin kansu.

"Ke dai buɗe, Maman Moraa. Yanzu ko aikin shara a can ake samu."

"Wurin da kowa darakta ne? Na ga direbanmu a ciki, wai shugaban sashen zirga-zirga."

Gaskiyarta. Taron 'yan cika baki ne, kowa na yi wa kansa kirari. Amma tsoron zaman banza ya sa ta buɗe. Aka nuna mata ƙaton maɓalli shuɗi, wai a nemo miki abokai. Na "a'a" kuwa an cusa shi can ƙasa kamar ƙwayar gero. Ta latsa babban. Shi ke nan, masu dandalin, marasa kunya, suka kwashe duk wanda ke cikin wayarta, suka bi su da wasiƙa da sunanta, har fasto da mahauci.

Bayan kwana biyu Mogaka ya shigo fuska a murtuke. "Me ya haɗa ki da Baba?"

Tsohon hedimasta ne Ombati, ba wasiƙar da ke wuce shi. Ya turo wa ɗansa abin da ya samu: "Ombati, ina so mu ƙulla hulɗa. Kerubo." Sunansa gatsal. Inda suka tono shi, su suka sani. Kafin mako ya ƙare sun sake aika masa sau biyu.

Kerubo ta yi kuka, na kunya da na takaici. Ta rufe shafin, bayan sun tambaye ta dalili sau bakwai, sun jera mata fuskokin waɗanda wai za su yi kewarta. Ranar Asabar ta hau bas zuwa Kisii da bargo da sukari.

Uwar miji ta yi ta lallashin tsohon, wai na'ura ce ta rubuta, ba yarinyar ba.

"Na'ura ta san sunana?" in ji tsohon. "Wa ya gaya mata?"

Da ƙyar ya sauko. Kerubo ta dafa ayaba da nama, uwar miji ta kai masa, ita ta tsaya bayan ƙofa. Ya yi loma biyu, waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya sa tabarau, ya karanta a fili, a hankali, yadda yake karanta sunayen masu laifi a makaranta: "Ombati, har yanzu Kerubo na jiran amsarka."

Ya wanke hannu, ya ture kwanon gefe, ya dubi matarsa.

"Gaya wa matar ɗanki ta samu amsar."